In biya jika 150 a gina mini shago a intanet, ko in tsaya a WhatsApp?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Hajiya, ina gaisuwa. Ni a Tawa nike, shekara ukku ke nan ina saro jakunkuna da takalman fata wurin dukawan garinmu, ina sa hotonsu a sitatus na WhatsApp. Wata mai albarka nakan saida kamar goma sha biyar. Ɗan yayata da ke jami'a nan Yamai ya ce ɓata lokaci nike, in buɗe shago a Shopify ko Etsy ko Jumia, Turawa su saya da yuro. Wani yaro kuma ya ce in ba shi jika 150 ya gina mini shafin kaina. Kuɗin adashena ne da zan kwasa wata mai kamawa. Wace hanya zan bi? Ga hoton wata jaka na haɗo miki.
Mai karatu daga Tawa

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ƙulle kuɗin adashenki a bakin zane tukuna, ki ji yadda nawa suka tafi.

A 2019, ina da rumfar atamfa da leshi kusa da Babbar Kasuwa, wani yaro ya gina mini shafi. Wallahi ya yi kyau, har da sunana da ruwan zinare. Wata takwas ina jira. Ciniki biyu na yi ta cikinsa, kuma duka biyun mata ne masu lambata tun da, suka ga kaya a shafin suka kira ni don su yi tayi. Shekara na cika ya dawo karɓar kuɗin sabunta suna da na hayar wurin da shafin ke zaune. Ban ce ya cuce ni ba. Abin da na ce ya gina shi ya gina: kanti mai ƙofar gilashi a tsakiyar daji, inda ko akuya ba ta giftawa.

Ɗan naki ya zuba abubuwa iri biyu a ƙwarya ɗaya. Shopify hayar shago ce. Duk wata za ki biya da katin banki, kin sayar ko ba ki sayar ba, kuma ba sa kawo miki mutum ko ɗaya. Jawo masu saye aikinki ne, da kuɗin tallanki. Shafin da yaron nan zai gina miki ma ɗan gidan su Shopify ne. Etsy da Jumia kuwa kasuwa ce irin Katako ta Yamai: jama'a na nan suna zagaye, masu kasuwa na yankar la'ada.

To amma kasuwa sai an bar ki kin shiga. Jumia tana Najeriya da Kodebuwa da Senegal da wasu ƙasashe, ba ta aiki a Nijar. Etsy kamfanin Amurka ne na kayan aikin hannu, kuma ba ya buɗe sabon shago sai ga wanda ƙasarsa ke cikin jerin ƙasashen da yake iya biyan masu sayarwa. Ki ce wa ɗanki ya buɗe jerin nan ya nemo miki sunan Nijar, sannan ya dawo ya ci gaba da wa'azi. Ko da ƙofa ta buɗu, a yi lissafi. Kowane kaya da kika kasa, santi 20 na dalar Amurka, kuma bayan wata huɗu sai an sabunta. In an saya su cire kashi 6.5 cikin 100, har da kuɗin aike a cikin lissafin. Jakar jika 20, sun ɗauki jika ɗaya da dala sittin na sefa ke nan, ban da na masu sarrafa biyan kuɗi. Wannan duk mai sauƙi ne. Mai wuyar shi ne jaka ɗaya ta tashi daga Tawa ta sauka Yamai, ta hau jirgi zuwa Faransa. Kuɗin aikenta da kamfanonin gaggawa yakan fi kuɗin jakar. Sannan Baturiya ta buɗe kwali ta ji warin jima, wanda mu ko a jikinmu, ta ce a mayar mata da kuɗinta, ta rubuta miki baƙin shaida da kowa zai karanta.

Ni yanzu daga wutsiya nake fara auna kowane dandali. Kuɗin ta wace ƙofa za su shigo hannuna? Kayan wace mota za su hau? Wanda ya kasa amsa waɗannan, ko me ya ce bayansu hira ce. Ke kuwa amsarki tana hannunki tuni: Nita, Amana, Al Izza, Airtel Money ga kuɗi, su Rimbo da STM ga kaya. Tawa zuwa Yamai wajen kilomita 550 ne, ta Dogon Dutsi da Doso, saƙo ya kwana ɗaya ya isa, ɗan kabu-kabu ya ƙarasa da shi ƙofar gida.

Abin da kike yi bai lalace ba, gyara yake so. Sitatus awa 24 yake yi ya ɓace, kuma sai wanda ya ajiye lambarki ke ganinsa, shi ya sa kullum fuskoki ɗaya ke kallon kayanki. Ki sauke WhatsApp Business, kyauta ne. Yana da kundin kaya mai ɗaukar har 500, kowanne da hotonsa da farashinsa da bayaninsa, ba ya gogewa. Mai tambaya ki tura mata kundin gaba ɗaya, ba sai kin kwana kina tono hotuna ba. Sababbin idanu kuma Facebook da TikTok za su kawo miki su. Ki shiga rukunonin saye da sayarwa na Yamai, ki riƙa ɗaukar ɗan bidiyo: baduku na yanka fata, hannunki cikin jaka don a ga zurfinta, ƙasan takalmi a ga ɗinki. Cinikin intanet cinikin biri a sama ne, sai an ga wutsiyarsa tana motsi ake sakin kuɗi. Can a gan ki, WhatsApp a ƙulla ciniki.

Batun waje kuwa, me ya kai ki Faris? Ƴan Adar nawa ne a Abijan da Lome da Akara? Ke kin fi ni sani, kowane gida a Tawa yana da wanda ya tafi biɗa. Sun san aikin dukawan gida, ba sai an yi musu bayani da Faransanci ba, suna aiko kuɗi gida ta hanyoyin da kika sani, kuma a Abijan da Lome sefa ɗaya muke kashewa, babu canji. Matar ɗan uwa guda mai rumfa a can, ta riƙa karɓar goma-goma, ta fi miki shafi goma.

Ki kiyaye abu uku da suka sa mata da yawa kuka. Hoton rasit ba kuɗi ba ne, ana ƙera shi a waya. Sai kin ga kuɗi a asusunki ko kin karɓo a hannu kaya su hau mota. Aikin oda, rabi kafin alƙalami. Lambobi shida da WhatsApp ke turo miki kuwa, ko muryar yayarki kika ji tana roƙo kar ki ba da, da su ake ƙwace layi a bi abokan cinikinki ana karɓar kuɗi da sunanki. Ki kuma kwafe lambobin masu sayenki a littafi. Waya tana faɗawa randa.

Jika 150 ɗin, da ni ce, kaso mafi tsoka ya koma sari, saura ya tafi ga kuɗin intanet da farin ƙyalle na ɗaukar hoto da hasken safe. In baje kolin SAFEM na sana'o'in mata ya zagayo, ki zo Yamai da buhu guda, ki zaga Wadata, cibiyar masu sana'ar hannu, ki ga nawa ake sa wa irin kayanki, duk wadda ta taɓa jaka ki karɓi lambarta. Ranar da oda ta fi ƙarfin wayarki har kika ɗauki yarinya tana amsa saƙo, sai mu sake zancen shafi.

Jakar nan ja mai tunti da kika turo, hoton ya yi duhu, kuma ba ki rubuta kuɗinta ba. Na nuna wa ƴata ta ce tana so. Nawa ce, kuma akwai baƙa?