An samo wa 'yata karatu da aiki kusa da Chelny a Rasha, in bar ta ta tafi?

Tambaya: Malam, barci ya ƙaurace mini. Wani ajan ya samo wa 'yata mai shekara 19 gurbin "karatu da aiki" a Rasha, ga tikitin jirgi kyauta, ga albashi. Ya ce kusa da Naberezhnye Chelny ne, garin Musulmi, inda ake ƙera motar KAMAZ. Mahaifiyarta ta amince, ni ne zuciyata ta ƙi kwanciya. Wane irin gari ne?
Wani uba daga Zariya

Amsa: Alhaji, zuciyarka ba ta yi maka ƙarya ba.

Garin dai ba shi da laifi. Chelny yana bakin kogin Kama, shi ne na biyu a girma a yankin Tatarstan na Rasha bayan Kazan. Da aka fara ginin masana'antar KAMAZ a ƙarshen 1969, mazaunansa ba su kai dubu 40 ba. Motar farko ta fito a Fabrairun 1976, kafin Tarayyar Sobiyet ta rushe kuwa mazaunan garin sun haura rabin miliyan. Gari ne da masana'anta ta haifa, har adireshi ma da lambar rukunin gidaje mutanensa suka saba faɗa, ba da sunan titi ba. Irinsa Rashawa ke kira monogorod, gari mai cin abinci a akushi ɗaya. Shi ya sa da gobara ta cinye sashen ƙera injina a Afrilun 1993, kowane gida sai da ya ji a jikinsa. 'Yan ƙabilar Tatar da Rashawa kusan rabi da rabi ne. Akwai masallatai, ciki har da Tauba da aka buɗe a 1992, akwai Sabantuy, bikin gargajiya na Tatar, da kokawarsa, akwai kuma sanyin da ke wuce digiri 20 ƙasa da sifili.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne wannan kalma ta "garin Musulmi". Kusan kullum sai wani uba ya kawo mini ita, kamar ita kaɗai ta isa takardar lamuni. Alhaji, masallaci ba ya sa hannu a kwantiragi. Tatarstan yanki ne na Rasha, dokar Moscow ke aiki a can, kuma Rasha ta shiga yaƙi da Ukraine tun Fabrairun 2022. Ajan ya san kunnen iyaye, ya san inda zai taɓa. Sai ya ambaci KAMAZ, sunan da aka sani, ya ƙara da "kusa da". A cikin "kusa da" ɗin nan lauje yake cikin naɗi.

Kimanin kilomita 25 daga Chelny akwai garin Yelabuga da yankin masana'antu na Alabuga, inda ake haɗa jirage marasa matuƙi samfurin Shahed na Iran, waɗanda ake kai wa Ukraine hari da su. A Oktoban 2024 kamfanin dillancin labarai na AP ya ruwaito cewa an ɗebo 'yan mata kusan 200 daga Afirka, masu shekara 18 zuwa 22, har da 'yan Najeriya, ta shirin Alabuga Start. Wasunsu sun ce aikin otal da girki aka yi musu alkawari, sai suka tsinci kansu a wannan masana'anta, ga dogon aiki, ga sinadarai masu cin fata, ga albashin da bai kai yadda aka faɗa ba. Tun a Afrilun 2024 jirgin Ukraine mara matuƙi ya faɗa kan ɗakunan kwana a yankin, mutane suka jikkata. Shekarun 'yarka da kyautar tikitin sun yi kama da wannan tsari ƙwarai, kuma ba zan ɓoye maka ba, hankalina ya tashi.

Karatu na gaskiya akwai shi, a Chelny ma Jami'ar Tarayya ta Kazan tana da reshe. Amma ɗalibi yana tafiya ne da takardar gayyata mai sunan jami'a da sunan kwas, da bizar karatu. Ka kira ajan ɗin, ka ce ya kawo wannan takarda, da cikakken sunan kamfanin da zai biya albashi, da adireshin inda za ta kwana, duk a rubuce. Ka sa wanda ya iya Rashanci ya karanta maka, wanda ba abokin ajan ba. Fasfonta kuma ya zauna a hannunka har sai an yi haka.