Dawisuna ta yi ƙwai biyar, duk baragurbi

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni manomi ne a wani ƙauye kusa da Ringim. Bara na sayi dawisu biyu, mace da namiji, mai su ya ce shekararsu ɗaya. Bana macen ta yi ƙwai biyar, na sa wa kaza ta kwanta a kai fiye da wata guda, ko ɗaya bai ƙyanƙyashe ba. Maƙwabta suna cewa macen ce ba ta da kyau, in rabu da ita. Ina neman shawara.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, don Allah kada ka sayar da ita. Macen da ta yi ƙwai biyar tana shekara 2 ta yi abin da ake nema a wurinta, kuma a kan lokaci. Namijin ya kamata ka duba.

Dawisu, wanda asalinsa daga Indiya da Siri Lanka yake, tsuntsu ne mai jinkirin girma. Macen takan fara ƙwai a shekara ta 2, amma namiji sai ya cika 3 kafin a dogara da barbararsa. Akan samu ɗan shekara 2 ya dace, sai dai ba a lissafi da shi. Ita kuwa mace za ta yi ƙwanta ko namiji ya hau ta ko bai hau ba, shi ya sa mutane da yawa suke ɗora mata laifin da ba nata ba.

Gobe da safe ka tsaya ka kalli jelarsa da kyau. In gajera ce, zanen nan mai kama da idanu masu shuɗi da kore da ke jikinta 'yan kaɗan ne ko babu su sam, to yaro ne har yanzu, komai kyan wuyansa. Za ka ga ya baza ɗan abin da yake da shi yana karkaɗawa, ita ko tana ta kiwonta ba ta ko ɗaga kai. Sai jelar ta cika, tana jan ƙasa, sannan macen za ta tsuguna masa. Ko ya girma ma, duk shekara gashin jelar yana zubewa bayan lokacin barbara, kuma ƙwan da aka samu bayan zubar yawanci ba ya yin komai.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarka shi ne wata gudan da kazar nan ta sha a banza. Badi in Allah ya kai mu, a kwana na 10 da fara kwancin kaza ka ɗauki ƙwan da daddare ka shiga ɗaki mai duhu, ka ɗora shi a bakin tocila. Mai rai za ka ga jijiyoyin jini ja sun bazu kamar saƙar gizo, da ɗan baƙin ɗigo a tsakiya. Wanda haske ya ratsa shi fayau, cire shi.

Ƙwan dawisu kwana 28 yake yi, na kaza 21, don haka wata kazar takan gaji ta tashi. Ka zaɓi wadda ta saba kwanta wa ƙwan zabi, kuma kada ka ba ta fiye da huɗu ko biyar, saboda girmansu. In tarawa kake yi kafin ka sa mata, kada su wuce mako guda. Ka ajiye su a inuwa kusa da randa, tsinin yana kallon ƙasa, domin zafin garinmu yana lalata ƙwai tun ba a kwanta masa ba.

Gero da dawa kaɗai ba za su riƙe su ba. Ka haɗa musu da gara, fara, ganyen zogale, abincin kaji masu ƙwai da dakakken ɓawon ƙwai.

Ka kuma tambayi wanda ya sayar maka ko uwarsu ɗaya, domin haɗa 'yan'uwa yana rage ƙyanƙyasa. In haka ne, ka nemi wani mai kiwo ku yi musayar namiji. Cikakken namiji ɗaya ya ishi mata huɗu zuwa biyar, saboda haka in za ka ƙara saye, mata za ka ƙaro. Allah ya sa albarka a kiwon.