An tafi da mahaifi a madadin ɗansa, doka ta yarda?

Ɗan'uwa, ka ce 'yan sanda sun zo neman ƙanenka a Rigasa, ba su same shi ba, suka tafi da mahaifinku. Doka ba ta yarda ba. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta hana kama wani a madadin wanda ake zargi, Kaduna ma ta yi tata a 2017, dokar 'yan sanda ta 2020 ta sake jaddadawa.

Kada ku fara karo-karon kuɗin beli. Beli a caji ofis kyauta ne, duk da abin da za a gaya muku a bakin kanta. Kada Baba ya sa hannu a takardar da ba a karanta masa ba. Ku nemi lauya yau. In babu hali, ku je ofishin Legal Aid Council, marasa ƙarfi suke tsaya wa.