Lafiya Ta Dawo Jos, Ko Dai Ƙura Ce Ta Lafa?

Tambaya: Malam, ni ɗan Unguwar Rogo ne, bayan rikicin 2001 aka haife ni. Kowa cewa yake lafiya ta dawo Jos, amma in na ce zan bar unguwarmu ta Musulmi in je Unguwar Rukuba, inda Kirista suka fi yawa, wajen abokin karatuna, sai Mama ta ce ba da yawunta ba. Wannan ne zaman lafiyar?

Amsa: Ƙanena, kada ka ga laifin Mama. Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura. Ita ta ga Juma'ar 7 ga Satumba 2001, ta ga Nuwamba 2008 bayan zaɓen ƙaramar hukumar Jos ta Arewa, ta ga Janairu 2010.

Abu biyu suka kwantar da ƙurar. Na farko sojoji, da shingayensu da dokar hana fita. Na biyun ba a cika son faɗarsa ba: rabuwa aka yi. Musulmi ya sayar da gidansa ya koma cikin Musulmi, Kirista ma haka, wasu musayar gida suka yi. Babbar kasuwar Taminus da ke haɗa kowa ta ƙone a Fabrairu 2002, har yau ba ta koma yadda take ba. Faɗa ya ragu, amma ku kun tashi ba ku san juna ba, kuma inda ba sanayya nan jita-jita ke samun gindin zama. Saƙo ɗaya a WhatsApp, sai ka ga ana jan ƙofofin shaguna, iyaye na rige-rigen ɗauko yara daga makaranta. Ni da wannan nake auna lafiyar gari, da kuma ko mai Keke zai shiga da kai lungu bayan magariba ko ya ce "nan zan tsaya".

Tushen rigimar kuwa yana nan: wane ne ɗan ƙasa, wane ne baƙo, wa za a ba takardar shaidar zama ɗan asalin gari. An kafa kwamitin binciken rikici na Niki Tobi, an kafa na Bola Ajibola, amma hukunta masu laifi bai taka kara ya karya ba. Hukumar gina zaman lafiya da gwamnatin jihar Filato ta kafa a 2016, zamanin Gwamna Lalong, tana zaunar da mutane, sai dai taron otal ba ya shiga lungu da kansa.

Dubi unguwar Dadin Kowa. Musulmi da Kirista a cakuɗe suke, amma wutar 2008 da 2010 ba ta cinye unguwar ba. Dattawa suka tsawata wa 'ya'yansu, mata suka matsa wa limamai da fastoci lamba, matasa suka yi sintiri tare don kada na waje su shigo.

Kai ma fara daga abin da hannunka zai kai. Gayyato abokin nan gida da rana tsaka, ya gaida Mama, ya ci tuwonta. Karɓo lambar mahaifiyarsa su gaisa. Ran da za ka je can, shi ya taro ka a bakin titi, ka kuma dawo kafin la'asar ta yi sanyi.