Ɗan wasan da mutane ba su ankara da shi ba a Fantasy na Firimiya

Ɗan'uwa, ka tambaya yadda za ka gano 'yan wasa masu araha da jama'a ba su ɗauka ba a Fantasy, wato wasan intanet da ake haɗa ƙungiya da 'yan wasan Firimiya ana samun maki bisa abin da suka yi a fili, don ka kamo waɗanda suka yi maka nisa a rukuninku. Ka duba mintunan da ɗan wasa yake bugawa da aikin da koci ya ba shi a fili, kafin ka duba sunansa. Wanda yake cika minti 90 kowane mako, kuma shi ke buga fenariti ko bugun kusurwa, shi za ka nema. Mafi daɗi shi ne wanda aka rubuta a matsayin mai tsaron baya alhali a tsakiya yake wasa. Haka John Lundstram na Sheffield United ya yi a kakar 2019/20: farashinsa a Fantasy fam miliyan 4 kacal a farkon kaka, ya ci ƙwallo 5, kowace ɗaya maki 6 saboda an rubuta shi mai tsaron baya, ga maki 4 duk ranar da ba a zura musu ba.

Sai dai akwai sharaɗi: kada su wuce biyu ko uku cikin 'yan wasanka 11. Na taɓa cika ƙungiyata da irinsu, ranar Asabar ina gidan kallo ina ganin wanda kowa ya naɗa kyaftin (wanda ake ninka makinsa) yana zura ƙwallaye, ni kuwa ba ni da shi. Ka riƙe manyan, ka duba wasanni biyar da ke gaban wanda kake so, kuma kada ka yarda a cire maka maki 4 na canjin ɗan wasa da ya wuce wanda ake ba ka kyauta don kawai ka sayo shi.