Amsa: Tun yaushe aka fara shirya harin Nairobi na 1998?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko harin bam da aka kai ofisoshin jakadancin Amurka a Kenya da Tanzaniya shiri ne na 'yan watanni. A'a, ya ɗauki kusan shekara biyar.

Tun ƙarshen 1993 Ali Mohammed, tsohon hafsan sojan Masar da ya taɓa aiki a rundunar sojan Amurka, ya je Nairobi ya ɗauki hotunan ofishin. Aka kai wa Usama bin Laden hotunan a Khartoum, inda yake zaune kafin ya koma Afganistan a 1996. Mutanen Alƙa'ida kuwa suka zauna a Kenya suna fakewa da kasuwanci da aikin agaji, wasu har suka yi aure a can.

Ranar ma ana ganin da gangan aka zaɓe ta: 7 ga Agusta 1998, shekara takwas cif da fara tura sojojin Amurka Saudiyya. Jakadiyar Amurka a Kenya, Prudence Bushnell, ta sha kokawa cewa ginin ofishin yana tsakiyar gari, bakin titi, amma ba a sauya masa wuri ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne waɗanda suka mutu. Cikin mutum 224 da aka kashe a ƙasashen biyu, Amurkawa 12 ne kacal. Mafi yawa talakawan Kenya ne, masu wucewa a titi da ma'aikata da ɗalibai a ginin Ufundi, na kusa da ofishin jakadancin, da ya rufta, cikinsu har da Musulmi. Sama da mutum 4,000 suka jikkata, da dama gilashi ya makantar da su.