Ina aji biyu a bayokemistiri, za a ɗauke ni a ɗakin bincike?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina aji biyu a jami'a, ina karanta bayokemistiri. A sashenmu akwai ɗakin gwaje-gwaje da ake binciken yadda ƙwayoyin halitta, wato ƙananan tubalan da suka gina jiki, ke aika wa juna saƙo. Ina so in shiga, amma ban taɓa yin bincike ba. Za su karɓi irina? Wane aiki zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Ƙwarai za su iya karɓar ki. Babu malamin da zai nemi gogewa a wurin 'yar aji biyu. Abin da zai fi dubawa shi ne lokacinki, kuma yanayin aikin ne ya jawo haka.

Idan sinadari irin insulin ya iso wurin ƙwaya, ba sai ya shiga ciki ba. Yana sauka ne a kan wani furotin da ke fatarta, daga nan saƙon ya riƙa wucewa daga furotin zuwa furotin. Sau da yawa ana isar da shi ta hanyar manna wa furotin wani ɗan sinadari mai suna fosfet, aikin da wasu inzayim (furotin masu hanzarta aikin sinadarai a jiki) masu suna kinas ke yi, kuma jikin mutum yana da irinsu sama da 500. Gano wannan tsari ne ya ba Edmond Fischer da Edwin Krebs kyautar Nobel a 1992. Maganin imatinib, da aka amince da shi a 2001 don wani nau'in sankarar jini, aikinsa ke nan: toshe kinas ɗin da ya ƙi daina aika saƙo.

To, da rainon ƙwayoyi za ki fara. Ana ajiye su a na'urar ɗumama a digiri 37 na ma'aunin Celsius, ana raba su duk bayan kwana biyu ko uku kafin su cika faranti. Ba ruwansu da jarrabawarki ko hutun ƙarshen mako. Sakaci kaɗan, ƙwayoyin cuta su shiga farantin, aikin makonni ya tashi a banza.

In hannunki ya faɗa, sai a ba ki gwaji. Za ki zuba wa ƙwayoyin sinadari, ki tsayar da aikinsu bayan minti 5, 15 ko 30, domin wannan saƙo cikin mintuna yake tashi ya sauka. Sannan ki duba ko furotin ya ɗauki fosfet da gwajin westan bulot, wato hanyar gano takamaiman furotin a cikin samfur, wanda yakan ci kwana biyu. Shi ya sa a ganina yini biyu a jere sun fi awa ɗaiɗai da aka watsa cikin mako. Ki sa a ranki gwaji zai sha ƙin fitowa, manyan ma haka suke fama.

Batun nema kuwa, ki karanta takarda ɗaya da malamin ya wallafa, ko da rabi kika fahimta. Ki tura masa gajeren imel: darussan da kika yi, abin da ya ja hankalinki a takardar, da ranakun da za ki iya zuwa. In mako biyu suka wuce shiru, ki tuntuɓe shi a ofis.

Ranar da kuka zauna, ki tambayi wanda zai riƙa koya miki kullum, don galibi ɗalibin digiri na biyu ko na uku ne, ba shi malamin ba. Ki kuma ji ko aikin zai shiga makinki, ko da alawus, ko na sa-kai ne.